Garar da Ta Ƙi Kara Ta Ci Dutse

Babanmu maginin rumbu ne, kuma in kana son ka ga ɓacin ransa ka ce masa magini kawai ka yi shiru. Masu gina ɗaki daban, shi daban. Rumbun ƙasa yake ginawa, mai tumbin nan da mu mutanen Dakko muke kira ruhewa, wanda ake shiga ta sama da tsani, a kifa masa hular ciyawa. Tun ina ƙarama nakan gane rani ya shigo in na ga ƙafafun Baba sun yi ja har gwiwa. Yakan kwaɓa ƙasa da dakakkiyar ciyawa ya bar ta ta jiƙu, ya ɗora zagaye ɗaya ya tafi abinsa, sai ya sha iska sannan ya dawo ya ɗora wani. Mai gaggawa ba ya shiri da Baba, shi ma bai damu da a shirya da shi ba.

Amma a duk aikin ba abin da yake ji da shi kamar duwatsun ƙasa. Ruhewa ba ta taɓa ƙasa. A kan duwatsu ake dasa ta, don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, danshi kada ya hau, gara kuma in za ta zo dole ta gina hanyarta a fili inda ido zai gan ta. Gara ita ce abokiyar gaban Baba. Ban taɓa jin ya zagi mutum ba, amma gara kam ta sha zagi a bakinsa, har uwarta da kakarta. Abin alfaharinsa a duniya shi ne ba a taɓa cewa gara ta shiga ruhewar da ya gina ba.

Yayarmu ita ce 'yar fari a gidanmu, tana aure a Dosara ta ƙasar Maradun. Kowa ya san kunyar 'yar fari. Baba ba ya faɗin sunanta, ba ya kallon idonta, in ta zo gida ta durƙusa ta gaishe shi sai ya amsa wa bango. Gidan aurenta kuwa bai taɓa takawa ba. To, wata shekara, a lokacin da ake bin hanyoyinmu ba fargaba, sai surukinta, mahaifin mijinta, ya aiko cewa yana son a gina masa ruhewa, kuma hannun Baba yake so. Mu a gida tsohon Dosara muke ce masa. Dattijo ne mai kiwon kaji da zabi, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube.

Baba ya ce to, kamar an aike shi sayen goro. Amma Inna ta gaya mini ranar da zai fara tafiya sai da ya sauya hula ya sake sauyawa. A ganinsa wannan ba gini ba ne kawai. Duk abin da bakinsa ba zai iya gaya wa 'yarsa ba, shi zai dasa mata a tsakar gidan mijinta, kowa ya gani. Duwatsun da ya saba ɗaukowa a gefenmu, masu tauri da ƙyalli, sai ya ga ba su isa ba. Akwai wani direban babbar mota da yakan dawo fanko daga wajen Wurno, shi Baba ya roƙa ya kwaso masa wasu duwatsu masu faɗi, jajaye-jajaye, da ya taɓa hanga a can. Suka zo da ƙasarsu a jiki, ya jera su, ya yi ginin da har yau ban ga ya yi irinsa ba. Da ya dawo sai ya ce wa Inna, “Ba laihi.” A bakin Baba wannan guɗa ce.

Damina ta zo ta yi kyau, gero ya yi. Ni a lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, ina haya a wani gida mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakiya. Wata ranar kasuwa na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune a inuwar ƙofata. Ga sabuwar diga a jingine a bango, ga wani ƙulli a gabansa. Na gaishe shi, na kawo ruwa bai sha ba, na kawo fura ya ture. Na ɗauka rasuwa aka yi.

Ya kwance ƙullin. Gutsuren dutse ne, ɗaya daga cikin jajayen nan. Ruwan damina ya wanke ƙasar da ke jikinsa tas, sai ga wasu hanyoyi sun bayyana, sirara, zagayayyu, kaurinsu bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Wasu sun miƙe daga sama zuwa ƙasa, wasu sun lanƙwasa sun komo. Duk wanda ya taɓa fasa suri ya san wannan zane.

“Daga Dosara anka aiko da shi,” in ji Baba.

“Da wane saƙo?”

“Gaisuwa. Yac ce a gaishe ni, a ba ni wanga.”

Ba sai an ƙara masa ko kalma ba. Dattijo ba zai buɗe baki ya ce wa surukinsa aikinka ya ɓaci ba. Ya naɗe dutse a ƙyalle ya aiko, mai ido ya karanta. Daga baya Yaya ta gaya mini ta waya cewa gero yana nan jibge a tsakar gida an rufe da tabarmi, hadarin ƙarshen damina yana ta kai-komo, tsohon kuma ya ce ko zangarniya ɗaya kada a sa a sabuwar ruhewa. Ta ce ita ko ƙofar ɗakinta ba ta son fitowa.

“Assabar za ni,” Baba ya ce. “Hannun da yag gina shi za ya rushe. Daga nan kuma na aje aikin ga. Garin neman gira na rasa ido. Na ɗauko gara da kaina na kai gidan yarinyar nan.”

Na ce, “Haba Baba, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Kai ina ka ji tana tsada?”

Bai ko yi murmushi ba, kuma wannan ya tsorata ni fiye da digar. Baba ba shi da wata sana'a, ba shi da wata hira. In ka cire masa ruhewa, abin da zai rage tsoho ne zaune a gindin darbejiya yana korar ƙuda.

Ni kuwa, malamar ilimin halittu, da na ɗauki dutsen na juya shi, gara na gani. 'Yar Dakko ce ni kafin in zama malama. Na tuna da ƙyauren ɗakina na katako da littattafan da ke ƙarƙashin gado, na yi waje da shi a guje, na jefa shi a bokiti a bakin famfo na cika da ruwa. Na ce in ma akwai sauran masu rai a ciki, to su sha.

Maƙwabcina a gidan wani mutumin Zuru ne, Kirista, ma'aikacin gwamnati a sashen haƙa rijiyoyin burtsatse. Kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake shi kullum yana cewa ilimin duwatsu ya karanta. Mutum ne dogo mai son dariya, matarsa kuma ita ce ta koya mini yin miyar ganyen da har yau mijina yake ɗauka ni na ƙirƙiro. Injiniya ya fito zai wanke hannu ya leƙa bokitina, sai na ga ya tsaya cak. Ya sa hannu ya ciro dutsen, ya ɗaga shi sama yana kallo. Ya shiga ɗaki ya fito da buroshin wankin matarsa ya hau gogewa, ita tana biye da shi tana faɗa, shi ko a jikinsa.

“Malama, ina kika samo wannan?”

“Gara ce, Injiniya. Yi nesa da ƙofarka.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya hango fuskar Baba sai ya haɗiye dariyar, ya zo ya cire takalmi ya durƙusa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, damina, gajiya. Sannan ya tambayi inda dutsen ya fito. Baba ya ce wajen Wurno.

“Na sani,” in ji shi. “Baba, wannan ba gara ba ce. Ramukan tsutsar teku ne.”

Baba ya dube shi, ya dube ni. Na san wannan kallon. Kallon da yake yi wa mai tallan magani ne a kasuwa.

“Teku,” ya ce. “Ɗana, mu nan ruwan da munka sani shi na na Bakolori, shi ma mutum yat tare shi. Ruwan da muka roƙo kowace shekara, shi na kaka ce ya taɓa yin teku Wurno?”

Injiniya ya zauna a ƙasa ya gyara zama. Ya ce a wani zamani mai nisa ƙwarai, miliyoyin shekaru kafin a yi mutum, ruwan gishiri ya shigo ta arewa, ta inda hamada take yanzu, ya kwanta a kan ƙasar da ke yamma da mu. Ya daɗe a nan, da kifayensa da komai, sannan ya janye. A cikin laka da yashin da ke ƙasan ruwan akwai tsutsotsi, 'yan'uwan tanar da muke gani a fadama, suna haƙa rami suna zama a ciki. Tsutsa ba ta da ƙashi, in ta mutu ta narke ke nan. Amma raminta yakan cika da wani yashi daban, sama ta danne ƙasa, shekaru su bi ta kai, duk abin ya daskare ya zama dutse. Ya ce akwai ramuka masu rassa da wasu ƙananan halittu masu ɓawo suke yi, amma waɗannan sirara miƙaƙƙu aikin tsutsa ne. Ya ce dalilin da ya sa Baba bai taɓa ganinsu ba shi ne duwatsun gefenmu tsofaffi ne na wuta, ba a ƙarƙashin ruwa suka taru ba.

Sai ya miƙa wa Baba ƙusa. “Baba, kai ka fi ni sanin gara. Hanyarta a cike take ko a buɗe?”

“Buɗe. In ba buɗe ba ta ina za ta bi?”

“To tona wannan.”

Tun da ƙullin ya iso hannunsa Baba bai yi wa dutsen kallo na biyu ba, kunya ta rufe masa ido. Yanzu ya karɓi ƙusa ya tona. Ƙusar ta zame. Ya sake dannawa da ƙarfi, ta lanƙwashe. Abin da ke cikin ramin ya ma fi na gefensa tauri. Ya kai dutsen hanci ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi da bayan ƙusar ya saurara. Ya tambaya ko zai ɗauki nauyi, Injiniya ya ce jan da ke jikinsa ƙarfe ne ya ratsa shi, zai ɗauki ruhewa da abin da ke cikinta har jikokin jikoki.

Na ga kafaɗun Baba sun ɗan sauka. Ya jawo kwanon furar da ya ture ɗazu ya sha. Na fara murna a zuciyata, ashe da sauran aiki.

“Ikon Allah,” ya ce. “Na ji, kuma na yarda. Amma ba ni ad da gero ba. Ƙaƙa zan tahi in tsaya gaban dattijo in ce mai abin da idonai yag gani ba shi na ba? In ce mai teku? Gara dai in rushe.”

Nan fa raina ya ɓaci. Ni ban gaji haƙurin Inna ba, bakin kakata na ɗauko. Na ce in shi kunya ta ɗaure masa baki ni ba ta ɗaure nawa ba, ƙafata ƙafarsa ranar Asabar. Injiniya ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba, yana son ya ga sauran duwatsun, kuma motarsa tana da mai. Baba ya ce mu yara ne. Amma bai hana ba, kuma ranar tafiya sai da ya sa digarsa a bayan mota.

Mun isa Dosara da hantsi. Tun daga zaure na hango ruhewar ta saman katanga, kuma wallahi ta yi kyau, sumul, tumbinta daidai ta kowane gefe. Ga dammunan gero jibge a gefenta, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Tsohon Dosara ya fito da kansa. Aka shimfiɗa tabarma, aka shiga gaisuwa. An tambayi lafiyar Inna, da ta Dakko, da ta Mafara, da ta hanya, da ta dabbobi, aka koma aka sake daga farko. Dattawan biyu kowa idonsa a kan tabarma. Babu wanda ya ambaci dutse, ga kuma ruhewa tsaye a kanmu.

Da na ga za mu kai azahar a kan “lahiya lau”, sai na ce wa tsohon Dosara, “Baba, mun zo da baƙo, masanin duwatsu ne. Yana da magana a kan saƙon da ka aika.”

Babana ya harare ni ta ƙasan ido. Na yi kamar ban gani ba.

Injiniya ya maimaita bayaninsa, da ladabi, a hankali. Tsohon yana gyaɗa kai yana cewa, “Allah mai iko. Haka na. Allah mai iko.” Duk wanda ya san dattawanmu ya san wannan ba yarda ba ce, tarbiyya ce kawai. Da aka gama sai ya yi gyaran murya.

“Ɗana, ka yi magana mai kyau. Ni ban san teku ba, ba ni musu a kan abin da ban sani ba. Amma bari in hwaɗa maka abin da yah hana ni kwana. Ni mai kiwon tsaki na, gara nika nema musu kullum. Na san ta. Ka aje mata kara da kashin shanu, kahin gari shi waye ta rufe su. To da nig ga hanyoyin ga jikin dutse, sai nij jera busasshen kara gindin ruhewa, in ga ta inda za ta hito. Har yau ko ɗaya ba ta taɓa ba. Shi na nic ce, lalle wagga ba irin tamu ba ta. Garar da taƙ ƙi kara tac ci dutse, in ta samu gero mi za ta yi mai?”

Na yi iya ƙoƙarina, Allah ya sani. Na danne baki da mayafi, na tuna da duk wani abin baƙin ciki da na sani, amma dariyar ta ƙwace. Injiniya ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Tsohon ya dube ni, ba fushi, yana jiran in faɗi abin da ke raina.

Na ce, “Baba, a gafarce ni. A duk shekarunka ka taɓa ganin garar da ta ga kara ta wuce?”

Ya shafa gemu. “Ban taɓa ba.”

“To ko dai ba ta taɓa karan ba ne don babu ta?”

Ya dubi gindin ruhewar. Sannan ya ce, “Ɗiyata, bakinki da kaihi. Amma ni da ke da baƙo duk muna iya kuskure. Ina da alƙalin da ba a ruɗi nai.”

Ya tashi ya shiga bayan gida, sai ga shi yana kiran kaza da wannan ƙyas-ƙyas ɗin da ake yi da harshe. Wata jar kaza ta biyo shi da tsakinta da 'yan zabin da ta ƙyanƙyashe, duk a guje, don sun san in tsoho ya yi wannan kira gara ce. Akwai ragowar dutse ɗaya da bai shiga ginin ba, a jingine a katanga, ramukan sun fi yawa a jikinsa. Tsohon ya ce a fasa. Aka rasa abin fasawa, sai Baba ya tashi ya je mota ya ɗauko digarsa. Ya ɗaga ya sauke, dutsen ya yi ƙara ya rabe, ya ƙara masa ya tarwatse.

Tsaki suka yi caa a kai. Uwar ta sa ƙafa ta tona, ta karkata kai ta duba da ido ɗaya, ta juya ta duba da ɗayan. Ta kai sara ɗaya, bakinta ya yi ƙas a kan dutse. Ta ɗago ta dubi tsohon, kallon wanda aka yi wa alkawari aka saɓa, ta kaɗa 'ya'yanta suka nufi wajen dammunan gero.

Tsohon Dosara ne ya fara dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan, ƙarama ce, tana fita ta hanci. Daga bayan zana na ji mata sun kwashe, na kuma gane muryar Yaya a ciki. Baba kaɗai ne bai yi ba. Yana tsaye riƙe da diga, yana kallon gutsattsarin dutsen.

Tsohon ya tsuguna ya ɗauki gutsure ɗaya, ya bi ramin da farce. Yanzu da tsoro ya tafi sai son sani ya zo. Ya ce, “To ɗana, ita tsutsar ga, mi taka nema cikin laka?”

Injiniya ya ce abinci da mafaka. Ya ce waɗannan na Wurno ma 'yan baya-baya ne, a wasu ƙasashe an samu irinsu da suka girme su nesa ba kusa ba, daga farkon lokacin da dabbobi suka fara yawa a teku. Kafin nan ƙasan teku a rufe take ruf da wata shimfiɗa mai yauƙi, halittun da ke akwai suna kwance a samanta, da yawansu ba ka gane kai ba ka gane gindi. Sai aka samu masu haƙa. Ya dube ni ya ce, “Malama, nan fagenki ne.”

Na karɓa, don wannan darasin na sha koyar da shi da alli. Na ce kafin halitta ta iya haƙa rami sai tana da gaba da baya, da bakin ci, da hanji, da tsokar da za ta tura jiki. Tunda jikin tsutsa ba ya saura, ramin shi ne shaidar cewa an kai wannan mataki, shi ya sa masana suke bin ramuka don su gane yadda halittu suka yi ta sauyawa daga masu sauƙi zuwa masu gaɓoɓi. Kuma haƙar ba ta tsaya a kansu ba. Da suka huda shimfiɗar suka juya lakar, iska ta shiga ƙasa, abincin da ke binne ya taso. Waɗanda suka dogara da shimfiɗar suka ragu, wasu iri-iri suka samu wurin zama suka yaɗu. Ina magana ina kallon ramin da ke hannun tsohon. Shekara da shekaru ina zana abin nan a allo, ban taɓa riƙe shi ba sai yau, a gindin ginin ubana.

“Huɗa,” in ji tsohon. “Huɗa sunka yi.”

“Ita ce, Baba,” na ce.

“Ashe manoma na.” Ya jinjina kai, ya sa gutsuren a aljihu. “Manomi ba ya cin geron manomi.”

Iska ta taso mai sanyi, tabarmin da aka rufe geron da su suka fara kaɗawa. Ni ina jira in ji ya ba Baba haƙuri, ko ya ce an yi kuskure. Bai ce ba, kuma da na ƙara shekaru na gane ba zai taɓa cewa ba, don ba da haƙuri a nan tamkar tabbatar da cewa an yi zargi ne. Ɗaga murya kawai ya yi ya ce wa mijin Yaya da ƙannensa a kawo tsani, a fara miƙo dammuna kafin ruwa ya sauko. Mijin Yaya ya kafa tsani zai hau, sai tsohon ya riƙe masa riga. Ya ɗauki damin farko da kansa, ya juyo wajen Baba, karo na farko ya dube shi ido cikin ido.

“Malam,” ya ce, “kai kag gina ta, kai kas san cikinta. Yaran ga ba su iya jeri ba.”

Shiga ruhewa aikin matasa ne, kowa ya san haka. Baba ya jingine digar, ya cire babbar rigarsa da hula ya miƙo mini. Ya kama tsani ya hau, ba sauri ba nawa, ya zura ƙafafu ta bakin, ya ɓace a ciki. Aka miƙa masa damin farko ya karɓa.

Sai shiru. Mijin Yaya yana saman tsani riƙe da dami na biyu yana jira, hannu bai fito ba. Ɗigon ruwa ya fara sauka ɗai-ɗai. Na tsorata ko jiri ne ya ɗebe shi, na matsa na manna kunnena a jikin ginin. Yaya ma ta manta da kunya ta fito daga bayan zana, ta zo ta manna nata kusa da nawa.

Kuka yake yi. A hankali, irin na wanda ya tabbata babu mai ganinsa, yana yi yana hamdala. Yaya ta kama hannuna ta matse har na ji zafi, hawaye na zuba a fuskarta tana murmushi. Muka ji ya fyace hanci, ya yi gyaran murya. Sannan muryarsa ta fito ta sama, da ƙarfinta, da faɗanta, irin wadda muka sani tun muna yara.

“Wai barci kuka yi nan waje? Ku miƙo gero, ruwa za ya sauko.”